Kwanon Iya Shanta

Duk Sallah, da an gama cin tuwo an jingina da bango, sai babanku ya gyara hula ya ɗauko labarin nan nasa na yadda ya zaga garin Lesta na Ingila kaf, cikin ruwa da sanyi, har ya gano miyar Indiyawan da ta ceci raina da na yayarku Ba'indiya. Kun ji shi tun kuna yara, yanzu jikoki ma sun haddace, har wurin da yake ɗaga hannu ya nuna tudun ƙanƙarar da ya ratsa, wadda kowace shekara take ƙara tsawo. Ban taɓa katse shi ba, don ba a tsinka maigida a gaban 'ya'yansa. Amma na san ba ya karanta abin da ya wuce shafi biyu bai yi gyangyaɗi ba, saboda haka a nan zan faɗa muku yadda aka yi. Yawo dai ya sha shi, Allah ya saka masa da alheri. Ganowar ce bai yi ba. Abin da ya tafi nema ƙarshen gari, a bayan bangon ɗakinmu yake.

Ni 'yar Tozai ce, wannan kun sani. Babanmu ya rasu ina ƙarama, Inna ce ta riƙe gidan, ita da wana, Yaya Sani. Gidan noma ne, gero da dawa, da 'yan awaki, da shanun da muke ba wa Bappa Bube kiwo, Bafillacen da ke zaune bayan garinmu tun zamanin kakanni. Abin da na fi tunawa a gidan nan shi ne turmi. Da hantsi ana dakan fura, da la'asar ana surfe, in namu ya yi shiru na maƙwabta ya ɗauka, har mutum ya daina jin sa. Inna kuwa mace ce mai sauƙin kai, za ka fasa mata tulu ta yi dariya, amma akwai abu guda da ba ta yafewa: a kawo mata abinci daga maƙwabta a mayar da kwano fanko. Ko ƙuli-ƙuli ne, ko ɗan dunƙulen daddawa, sai an saka wani abu a ciki. Na taɓa mayar da kwanon wata maƙwabciya haka nan don ina saurin zuwa wasa, kunnena na hagu ya daɗe yana tuna mini.

Fari biyu na gani a rayuwata. Na farko ina yarinya, ban san zafinsa sosai ba. Na biyu shi ne wannan. Lokacin ina koyarwa a firamare a Isa, ban daɗe da aure ba. Babanku ɗan Sabon Birni, yana aiki a ma'aikatar ruwa, aka zaɓe shi ya je Ingila ya koyo aikin rijiyar burtsatse, aka kuma ce zai iya tafiya da iyali. A shekarar an yi shuka ta tsiro ta ƙone, aka sake, ta sake ƙonewa. Gulbi ya zama rairayi, yara na ƙwallo a tsakiyarsa. Fulani suna wucewa kudu da shanu ƙasusuwa a waje, Buzaye kuma sun gangaro daga ƙetaren iyaka sun kafa bukkoki a bayan kasuwa. A cikin wannan hali na hau mota na tafi Tozai, da niyyar in ce wa Inna na fasa tafiyar.

"Inna, ni ba ni zuwa. Wa za ni bar ki da shi cikin wanga hali?"

"Da Allah za ki bar ni, ai da shi kinka iske ni," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba, tana tsince ƙasa daga ɗan hatsin da ke faifai. "In kin zamna mi za ki yi man? Ruwa za ki sa a yi? Bi mijinki, Kulu. Baki guda ya ragu, ai sauƙi na."

Ta shiga ɗaki ta fito da ƙulli biyu a tsumma, daddawa da busasshiyar kuɓewa, ta cusa mini a jaka. Ban yi mata musu ba. Da na san ganinmu na ƙarshe ke nan, da na ƙara kwana.

Lesta gari ne na gidajen jan bulo, jere, manne da juna, in maƙwabci ya yi tari kana ji. Rana ba ta fitowa sai ta ga dama. Ba mu daɗe da sauka ba na gane ina da ciki. Abincinsu kuwa, Allah ya ba su haƙuri: dankali dafaffe ba gishiri, wake na gwangwani mai zaƙi, burodi mai sanyi. Duk da haka ina ci, ina mita ina ci. Abin da ya canja komai kaset ne. A wancan zamani mutanenmu ba su cika rubuta wasiƙa ba, sai a ajiye rediyo mai kaset a tsakar gida kowa ya zo ya yi magana, a ba matafiyi. Wani Basakkwace da ya zo karatu ya kawo mana namu da tsakiyar hunturu. Na zauna a ƙasa na rungume rediyon.

"Assalamu alaikum. Ni na, Sani. Yau Jumma'a, ga mu tsakar gida da hantsi, kowa na nan. Muna gaishe ku, muna gaishe da Malam, da fatan karatu na tahiya daidai."

Sai matarsa Hajo, ta fara gaisuwa dariya ta ƙwace mata, ta gudu. Sai Bappa Bube, rabi Hausa rabi Fillanci, ya jero gaisuwa har da ta mutanen Ingila baki ɗaya, amma bai ambaci saniya ko guda ba. Sannan aka jawo Inna.

"Wai cikin wanga akwati aka magana? To. Kulu, ni ta. Muna lahiya lau, kar ki sa komi ga rai. An ce man jikinki ya yi nauyi, Allah shi raba lahiya. Ki ci abinci, kin jiya? Ki ci."

Babanku ya yi murmushi ya ce alhamdu lillahi, ai ga shi kowa lafiya. Ni kuwa na mayar da kaset baya na sake saurare, wannan karon ba maganar nake ji ba, bayanta nake ji. Hantsi ne a Tozai, ranar Juma'a, amma ba turmi. Ba namu ba, ba na maƙwabta ba, ba na can nesa ba. Ba kukan akuya, ba carar zakara. Sai can ƙasa-ƙasa na ji muryar Inna, ta ɗauka an kashe rediyon, tana ce wa Hajo ta sauya wa dilo ruwa. Ku ba ku san dilo ba, Allah kada ya sa ku san shi. 'Ya'yan anza ne na daji, ɗaci gare su har ba a iya haɗiya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan. Ba mai taɓa su sai rumbu ya zama ɗakin ɓeraye.

Daga ranar maƙogwarona ya rufe. Ba rantsuwa na yi ba, ba azumi na ɗauka ba. In na kai loma baki sai in ga hannun Inna a cikin ruwan dilo, sai kunya ta kama ni, sai haushi ya biyo baya, abincin ya tsaya a wuya ya ƙi gaba. Shayi kawai nake sha, wani lokaci ɗan burodi don babanku ya bar ni in huta. Awarwaron da na zo da shi ya fara zamewa har gwiwar hannu. Ungozomar asibiti, wata doguwar Baturiya mai kirki, ta auna ni ta sake aunawa, ta kira babanku ta faɗa masa a gabana, ba ɓoye-ɓoye: abin da ke cikina ya daina girma, in aka ci gaba a haka ba ta yi mana alkawarin zai zo da rai ba. Muka fito. Muna shiga gida na tare shi.

"Malam, ka mai da ni gida."

"In mai da ki ina, Kulu? Wurin dilo?"

"Wurin uwata. In yunwa ta, mu yi ta tare."

"Abin da nika ragewa nan ina aikawa, shi ka saya musu masara kasuwar Isa, gidanku da gidanmu. In mun koma wa za ya aika? Ba mu zuwa ko'ina sai na gama."

Na faɗa masa maganganu a ranar waɗanda ba na rubutawa ba ne. Ya tsaya ya shanye su duka, bai rama ba, bai kuma sauya magana ba. Wannan shawara tasa ce, shi ya yanke ta, ni na bi. Har yau ban ce masa ya yi daidai ba, ban kuma ce ya yi kuskure ba, shi ma bai taɓa tambayata ba.

To daga nan ne labarinsa na Sallah yake farawa. Wani abokin karatunsa ya ce masa duk ƙasar ba abin da ya yi kusa da miyarmu kamar korin Indiyawa, ga su kuwa cike da garin. Ni kori da na sani garin nan ne ruwan ɗorawa da ake barbaɗawa a dafa-duka, ashe su a wurinsu sunan miyar ne ɗungurungum. Babanku ya ɗaura aniya. Da an tashi daga aji sai ya ja kwat ɗinsa ya bi shagunan abinci ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ya saye sai ya tabbatar yankan Musulmi ne, hanyar tabbatarwarsa kuwa ita ce ya sa a kira mai dafawa daga kicin ya karanta masa Fatiha. An kore shi a wurare, a wani wurin kuma mai dafawar ya ja masa har da Ƙulhuwallahu ya ƙara masa nama. Sai ya cuso ɗan kwanon gwangwani a cikin kwat don kada ya huce, ya shigo a jiƙe sharkaf, yana murna. Na farko da ya kawo ja wur, an zuba masa madara da sukari.

"Malam, wagga miya ta ko alewa?"

Na biyu wuta ce tsagwaronta, ni da na tashi da tonka, barkonon nan namu, a gidan Inna sai da ƙamshin kawai ya sa ni atishawa. Na uku mai ne ya kwanta a sama, tsokar nama na iyo a ciki. Kowanne in buɗe, in shinshina, in ture. Shi kuma ya ce haram ne a zubar da abinci a shekarar da ake cin dilo, sai ya zauna ya share shi tas yana sharce gumi. Haka muka yi ta yi, ni ina ramewa, shi yana kumatu, har wandonsa ya daina rufuwa. Kada ku ɗauka ban ga abin da yake yi ba. Ina gani. Wata rana ya juya baya yana cire takalmi, na ga safarsa ta jiƙe har ta yi baƙi, yatsunsa sun yi fari don sanyi, na ji tausayinsa ya kama ni har na kusa ci dominsa. Na gwada, ya ƙi wucewa.

A gidan da ke manne da namu akwai wata tsohuwa Ba'indiya, 'yar ƙarama, kullum cikin farin mayafinsu da rigar sanyi da safa. Shanta sunanta, ni na ƙara mata Iya. Ɗanta yana da shagon kayan miya a bakin titi. An kai ta Uganda tana amarya, da tsufa kuma aka kore su daga can suka zo Ingila, ƙasa biyu ke nan ta bari a baya. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu ta kan shingen bayan gida, in mun fito shanya. Rannan na fito sai na tarar tana kallon tulin gwangwanayen babanku a kwandon shara. Ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ta shinshina, ta ja tsaki irin wanda ko a Tozai sai an juyo. Sannan ta miƙo hannu ta kan shinge ta kama wuyan hannuna, ta zagaye shi da yatsunta, ta dubi cikina, ta dube ni. Sai ta shige.

Washegari da azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ita ce, da kwanon silba mai murfi, an ɗora wani abu a naɗe cikin kyalle a kai. Na karɓa da hannu biyu na yi godiya, don ba a mayar da hannun maƙwabci. Da ta tafi na buɗe. Miya ce ta kuɓewa ɗanya da yalo, ba jan launi, ba mai a sama, ƙamshin tsamiya da citta da wasu abubuwan da ban sani ba yana tashi a hankali. Na warware kyallen, sai ga wata gurasa mai kauri, toka-toka, da shaidar yatsu a jikinta. Ban kai ta hanci ba na san ko mene ne. Gero ne. Geronmu, wanda ake shukawa a Tozai. Za ku ɗauka murna na yi. Wallahi haushi ne ya turnuƙe ni. Na riƙe gurasar nan ina yi wa geron faɗa kamar mutum.

"Ashe nan ka taho ka ɓoye? Ana can ana neman ka, kai kana Ingila?"

Na yi kuka har na gaji, na rufe kwanon. Babanku ya dawo da gwangwaninsa na ranar, ya buɗe na Iya Shanta ya ɗanɗana, ya zaro ido ya ce, "Kulu, wallahi wagga ita ta!" Ya roƙe ni, na juya masa baya. Ya cinye, kamar yadda ya saba.

Saura kwano. Na wanke shi na kife a bakin taga, ya zauna nan yana kallona. In na shiga kicin shi nake fara gani, in na ji motsin tsohuwar ta bango sai gabana ya faɗi. Babanku ya ce abin ai mai sauƙi ne, a sayo biskit a zuba mata.

"Biskit? Kwanon da anka kawo da girkin hannu? So kake a ce ɗiyar Inna ta zo har Ingila ba ta da tarbiyya? Tahi shagon ɗanta ka sawo man garin hatsin nan. Tuwo za ni yi."

Ban taɓa ganin mutum ya sa takalmi da sauri haka ba. Don zumuɗi har kaza ya biya ya saya, wai a yi wa tsohuwa miya ta gani ta faɗa. Sai ga shi ya dawo da gari a hannu ɗaya, kaza a ɗaya, fuska a rikice. Ɗan ya faɗa masa uwarsa ba ta cin nama, ba ta cin kifi, ko ƙwai ba ta taɓawa.

"Wai tun da anka haihe ta ba ta taɓa ci ba," in ji shi. "Kuma ba talauci na ba, Kulu, shago gare su!"

Aka ajiye kaza. Miya ba nama kuwa ai ba sai an koya wa 'yar Tozai ba. Na jawo jakata na ciro ƙullin Inna, wanda tun zuwanmu ban iya kwance shi ba. Ƙullin nata ne, irin wanda take yi da haƙori. Na kwance, warin daddawa ya cika kicin, na dafa bango na ɗan tsaya. Ba muciya, da cokalin katako na tuƙa tuwon, na durƙusa na danne tukunyar a ƙasa. Na kaɗa kuɓewa. To mai girki ba ta sauke miya ba ta ji gishiri ba, hannu ne yake yi ba da shawarar kowa ba. Na ɗiga a tafin hannu na lasa, na ƙara gishiri, na sake lasa. Sai da na rufe tukunya na tuna cewa abu ya wuce maƙogwarona bai tsaya ba.

Na kai mata da kaina. Ta jawo ni har kicin ɗinta, ta shimfiɗa tabarma a ƙasa, ga tukunyar korinta a kan wuta. Ta buɗe kwanon, warin daddawa ya buge ta, ta yamutsa fuska ta ja baya, ni kuma dariya ta kuɓuce mini, ta farko a cikin watanni. Ta ajiye kwanon a tsakaninmu, ta kawo ruwa muka wanke hannu. Sannan ta naɗe hannuwanta a ƙirji ta zauna. Na ce mata bismilla. Ta girgiza kai ta nuna cikina. Turancinta guntu-guntu ne, nawa na aji ne, amma mun fahimci juna. Ta ce a wurinsu ba mai sa hannu a abinci mai ciki na zaune tana kallo. Na ce a wurinmu kuma wanda ya kawo abinci ba ya zama ya cinye abinsa. Ta ce to, sai mu zauna. Muka zauna, tuwo na hucewa, tsohuwar nan ko gezau. Da na ga ba ta da niyyar sassautawa sai na faɗa mata gaskiya. Na ba ta labarin Tozai, da kaset, da turmin da ya yi shiru, da dilo. Ta saurara har na gama. Ta ce garinsu na asali ma rairayi ne, gero suke ci, ruwa yana yi musu irin wannan. Tana yarinya an yi shekarar da suka ci 'ya'yan ciyawa. Ta kama gefen mayafinta ta ɗaure cikinta tam, ta nuna mini yadda uwarta take yi, sannan uwar ta tura musu nata rabon ta ce ta riga ta ci.

"Na san ƙarya take," in ji Iya Shanta. "Amma na ci. Da na ƙi, da me na yi mata?"

Ta matso ta dafa gwiwata.

"Mamarki ta turo ki nan ne don ki taya ta jin yunwa?"

Sai na ji muryar Inna a kan faifanta, tana cewa baki guda ya ragu. Ashe duk watannin nan ina mayar mata da bakin da ta yi murnar ragewa, har da ƙarin na jikarta. Iya Shanta ta miƙe ta ɗebo korinta mai zafi ta kwarara a gefen tuwona. Na yanko loma na dangwala. Tsamiya ce ta fara zuwa, sai citta, sai wani ɗumi da ya bi ƙirji ya sauka har ciki, a ƙarƙashinsu duka kuma ga gero. Na yi ta ci ina hawaye, ita kuma ta yago gurasarta ta dangwali miyata, yauƙin ya biyo hannunta har haɓa, ta rasa yadda za ta tsinke shi. Sai da na koya mata juya hannu. Ta haɗiye da ƙyar ta ce da daɗi. Ita ma ƙarya take, amma ta cinye rabonta. Wannan shi ne kori mai kyau da aka samu a Lesta, kuma babanku yana aji lokacin.

Daga ranar kwanon bai huta ba. Ya zo da kori, ya koma da ɗanwake, ya dawo da wake da alayyafo, ya koma da kunun tsamiya. Awarwaro ya koma wurinsa. Ungozoma ta auna ta yi murmushi. Da aka sami mai zuwa gida muka ce za mu yi namu kaset. Na ari ɗan turmin tagulla na Iya Shanta, na jira hantsi, na ajiye shi dab da rediyo. Na ɗan yi shakka, kada ya zama ina yi wa masu yunwa gori, amma tsohuwar ta danƙa mini taɓarya ta ce in daka. Babanku ya gyara murya ya fara jero gaisuwa, ni kuwa na hau dakan citta da barkono, Iya Shanta na kwaramniya da tukwane.

"Haba Kulu, ku bari a gama magana mana!"

"Malam, dakan shi na maganar."

Da na gama na matso na ce, "Inna, kin jiya? Hatsi na samu. Ina ci."

Inna ba ta ga damina ba. Ta rasu da bazara, cikin ciwon da ya kwashi tsofaffi da yara a shekarar, jiki ba ƙarfin da zai tare shi. Saƙon ya iso mana ta waya, daga Sakkwato, ina dab da haihuwa. Ban yi jinyarta ba, ban ga an ɗauke ta ba, ban zauna zaman makoki a ɗakinta ba. Wannan shi ne kuɗin zamanmu a Ingila, kuma har gobe yana yi mini ciwo. Iya Shanta ce ta zauna da ni kwanakin nan, ba ta san addu'armu ba, sai ta riƙe hannuna, in lokacin ci ya yi ta naɗe nata hannuwan a ƙirji har sai na ɗauki loma. Yarinya ta zo lafiya, da ƙiba, da murya. Aka sa mata sunan Inna, sunan da ba ni iya kira, shi ne babanku ya ce tunda da miyar Indiyawa aka gina ta, a ce mata Ba'indiya. Ba don gashinta ba ne, kamar yadda take faɗa wa ƙawayenta. Ranar da za mu taso Iya Shanta ta kawo kwanon cike, ta ce wannan karon kada in mayar. Shi ne wanda kuke gani ina zuba kori ranar Juma'a ina aikawa maƙwabta, wanda na hana ku wasa da murfinsa.

Mun dawo mun tarar an yi ruwa, gero ya fi mutum tsawo a hanyar Tozai, tun daga bakin gari nake jin turame. Na shiga ɗakin Inna da goyo na zauna a bakin gadonta. Yaya Sani ya tsaya a ƙofa, ya daɗe yana murza hularsa.

"Kaset ɗin nan naki ya cinye muna batir," in ji shi. "Ba ta son wurin gaisuwar Malam. Sai ta ce, Sani, kai ni wurin dakan. In na kai ta, ta jingina da bango ta lumshe ido tana kaɗa kai. Da masarar Malam ta zo anka yi tuwo, sai ta taɓa kaɗan ta tura ma yara sauran. In mun yi magana ta ce, ku ƙyale ni, ni na ƙoshi. Kulu tana ci."

Saboda haka ke Ba'indiya, da ke nake musamman. In kin zo da yaranki na cika miki kwano, kada ki sake ce mini wai kina rage ƙiba. Ki wanke hannu ki zauna nan kusa da ni, inda zan ji.